Tambaya da Amsa: Ruwan da muka roƙa shi ya kayar mana da bango

Baba Fasto, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni malamar firamare ce a cikin garin Katsina, ina roƙo a sakaya sunana. A watan Agustan nan, wani daren Talata, an yi ruwa tun bayan isha'i har kusan asuba. Wajen ƙarfe uku bangon ɗakin yayata ya kwanta. Ginin ƙasa ne, haya suke yi. Ita da mijinta sun fita da raunuka. Yaranta biyu kuwa, mai shekara shida da mai shekara huɗu, sai gawarsu aka zaro. Maƙwabtansu Musulmi ne suka tone su da shebur da hannu, ruwa na dukansu.

Ranar zaman makoki wani dattijon ikilisiyarmu ya tashi a gaban mutane ya ce wai ruwa ba ya tsami banza, iyalin su binciki kansu ko akwai wani zunubi a ɓoye. Tun daga ranar yayata ba ta sake taka majami'a ba. Ko addu'ar abinci aka yi ba ta cewa amin.

Baba, da 'yan bindiga ne suka kashe su, da na san wanda zan kama da laifi, don mutum ne ya ɗauki bindiga da ganin damarsa. To ruwa fa? A watan Yuni da shuka ta fara bushewa, mu muka yi azumin kwana uku muna roƙonsa. In Allah mai iko duka ne, kuma mai ƙauna ne, me ya hana shi riƙe bango ɗaya na awa uku? Ina jin tsoron wannan tambayar, amma ta hana ni barci.

Wata 'yar'uwa, Katsina

AMSA

'Yata, sannu. Sannunku da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da yayarki da mijinta, ya saka wa maƙwabtan nan da alheri. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin na iya ɗaukar biro.

Bari in fara da dattijon, don maganarsa ce ta fi sauƙin amsawa. Ya yi kuskure, kuma ba ni na ce ba. Ki buɗe Luka sura 13. An kawo wa Yesu labarin wasu Galilawa da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Wannan irin ta 'yan bindigar da kika ambata ce, hannun mutum. Sai Yesu da kansa ya ƙara da wani labari da ba a tambaye shi ba: hasumiyar Siluwam da ta faɗo a kan mutum 18 ta kashe su. Kin ga, gini ne ya faɗi, kamar naku. Ya tambaye su ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya kuma amsa da kansa cewa a'a. Gargaɗin tuba da ya biyo baya, masu tsaye suna ba da labari ya yi wa, ba ya juya kan iyalan mamatan ba. Da dattijon nan ya bi nassin yadda yake, da kansa zai fara bincika.

Haka a Yahaya sura 9, da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa. Yesu ya ce ba na ko ɗayansu ba ne.

Amma inda maganar dattijonku take zaune sak, a littafin Ayuba ne. Mutane sun san Ayuba da haƙuri, har a bakin Musulmi 'yan'uwanmu, sai dai kaɗan ne suke karanta tsakiyar littafin. A sura ta farko masifa huɗu suka zo masa a yini ɗaya, kuma ki lura da yadda aka jera su. Sabiyawa suka kwashe shanu da jakuna, wuta daga sama ta cinye tumaki, Kaldiyawa suka kora raƙuma, sannan iska mai ƙarfi daga jeji ta bugi kusurwa huɗu na gidan da 'ya'yansa goma suke cin abinci, ya faɗo a kansu. Biyu aikin mahara, biyu aikin sama da iska. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da sun tashi a nan sun koma gida, da har yau ana yabonsu. Sai suka buɗe baki. Bildad, a sura 8 aya 4, ya dubi mutumin da ya binne 'ya'ya goma ya ce masa in 'ya'yansa sun yi wa Allah zunubi, to laifinsu ne ya ci su. A ƙarshen littafin, sura 42 aya 7, Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a, shi aka ce ya faɗi gaskiya. Masu kāre Allah da lissafin zunubi, sai da Ayuba ya yi musu addu'a aka ƙyale su.

Na san abin da ke tura mutum ga irin wannan magana, don ni ma na taɓa yin ta ina ƙaramin mai bishara. Tsoro ne. In har bango ya faɗi ne saboda zunubinsu, to ni da ba ni da wannan zunubin nawa ba zai faɗi ba, sai in kwana da daɗi. Ina saurayi nakan je Babbar Ruga, wurin da mishan ɗin SIM suka daɗe suna jinyar kutare kusa da Katsina. A ƙauyenmu can wajen Kafur, in aka ga kuturu sai a ce baki ne ya kama shi, ko ya ci amana, ko ya yi rantsuwar ƙarya. Alhali tun 1873 wani likita a ƙasar Nowe, Hansen, ya ga ƙwayar cutar da idonsa a madubin likita. Yau ana haɗa magunguna a sha na wata shida ko shekara, a warke. Tsofaffin da na gani suna kama cokali da dungu, ba wanda ya koma ya ba su haƙuri kan abin da aka ɗora musu.

To, an gama da dattijo. Saura taki tambayar, wadda ta fi nauyi, kuma ki daina jin tsoronta. Masanan tauhidi sun daɗe da raba abin gida biyu kamar yadda kika raba shi ba tare da kin shiga ajinsu ba: akwai muguntar da mutum yake aikatawa, akwai kuma wahalar da ke fitowa daga halitta kanta, wato ambaliya da fari da annoba da girgizar ƙasa. Ta farko suna da amsa mai ɗan ƙarfi a kanta. Allah ya ba mutum zaɓi, wanda kuwa aka ba ikon ya ƙaunace ka da son ransa, an ba shi ikon ya ƙi. Ta biyun ce take kayar da malamai, don ruwa ba shi da zaɓi.

Na koyar da amsoshinsu shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki, zan kuma gaya miki inda kowacce take yoyo.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, mugunta kuwa ba wata halitta ba ce mai zaman kanta, raguwar kyau ce. Kamar hujin da asu ya yi a riga: ba wanda ya saƙa hujin, riga aka saƙa. Ya danganta lalacewar duniya da faɗuwar Adamu, inda Farawa sura 3 ta ce an la'anta ƙasa saboda shi, za ta riƙa fitar da ƙaya da sarƙaƙƙiya. Yawancin ikilisiyoyinmu a kan wannan suke, ni ma na yarda duniya ba ta kan yadda aka nufe ta. Sai dai wannan yana bayyana dalilin da ya sa bango yake faɗuwa a duniya. Bai gaya mini dalilin da ya sa na yayarki ya faɗi, na azzalumin da ke bayan layinsu yana tsaye ba.

Kafin Agustin akwai Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa, a ƙarni na 2. Shi ya ce an halicci mutum kamar jariri ne, sai ya yi girma kafin ya kai kamannin da Allah yake nufi. Wani Bature ɗan Ingila, Jon Hik, ya ɗauko wannan a 1966 ya faɗaɗa: duniyar da ba yunwa ba haɗari ba za ta haifi jarumi ko mai tausayi ba. Akwai gaskiya a ciki. Maƙwabtan da suka shiga ruwa da shebur, daren nan ne ya nuna ko su wane ne. Amma ba zan iya tsayawa a gaban yayarki in ce an ɗauke mata yaro mai shekara huɗu don ita ta ƙara girma cikin bangaskiya ba. Shi yaron fa, yaushe ya samu nasa girman? Kuma na ga waɗanda wahala ta gyara, na ga waɗanda ta murƙushe ba su sake miƙewa ba.

Ta ukun ita ta fi kwanta mini, ko da yake ita ma ba ta kai gaci ba. Allah ya kafa duniya a kan ƙa'ida. Ruwa yana da nauyi, yana gangarawa, yana jiƙa ƙasa. Wannan halin nasa shi ke sa gero ya yi kai a Batagarawa, shi ne kuma ke sa tubali ya sha ya yi laushi daga gindi har ya kasa ɗaukar azara. Ba ruwa biyu aka yi a daren nan ba, ɗaya na albarka ɗaya na azaba. Yesu ya ce a Matiyu 5:45 Uban yana sauko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. Da ruwa yakan sāke hali gwargwadon wanda ke ƙarƙashinsa, da manomi bai san ranar shuka ba, magini bai san zurfin tushe ba, likita ma ba shi da abin da zai koya. Duk na yarda da wannan. Amma za ki ce mini, Baba, ai Yesu ne ya tsawata wa iska a tekun Galili ta kwanta, me ya hana ranar Talata? A nan biro na yake tsayawa. Ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani, ki tambaye shi yaushe aka kira shi shawara.

Zan gaya miki abin da ban cika faɗa a bagade ba. A bazarar 1996 sanƙarau ya shigo arewa. A Najeriya kaɗai mutum sama da 11,000 suka mutu a wannan annobar. Ɗana na uku yana da shekara tara. Ya dawo daga makaranta yana kukan ciwon kai, uwarsa ta jiƙa tsumma ta ɗora masa. Da dare na ce ya sunkuyar da kai ya taɓa ƙirjinsa da haɓa, ya kasa, wuyan ya ƙage kamar icce. Na goya shi a babur, na ɗaure shi a bayana da zanen uwarsa. A asibiti ba gado, marasa lafiya a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, an rataye ledojin ƙarin ruwa a rassa. Kwana uku ya yi. Abin da ya fi tsaya mini har yau, takalminsa na roba ƙafa ɗaya da na tarar a maƙale a jikin babur bayan mun dawo daga maƙabarta.

Kafin wannan, ba jana'izar da zan je ban karanta Romawa 8:28 ba, cewa kome yana aiki tare zuwa alheri ga masu ƙaunar Allah. Ayar gaskiya ce. Amma da wani abokin aikina ya karanta mini ita a rana ta biyu, sai na ji kamar an watsa mini barkono. Wanda ya taimake ni wani maƙwabcina ne Musulmi, mahauci. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna a bakin tabarma, ya ce “Malam, ya haƙuri?”, in ce “Da godiya”, shi ke nan, mu yi shiru har a kira magariba ya tashi. Wajen kwana ashirin yana haka. Shi ya yi abin da abokan Ayuba suka yi a makonsu na farko, ya kuma san inda zai tsaya.

Wata shida ban iya addu'a da bakina ba. Abin da na iya shi ne karanta Zabura 88. Ki karanta ta. Yawancin zaburan kuka sukan juya a ƙarshe su koma yabo, wannan ba ta juyawa, a cikin duhu take ƙarewa. Na riƙa mamaki, wa ya bar wannan a cikin Littafi Mai Tsarki? Ashe an bar ta ne saboda irina da irin yayarki. Shi ma Yesu a kan gicciye, da bakin Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Allahnsa don me ya yashe shi. Tambayar da kike jin tsoro, ya riga ki yin ta da babbar murya a gaban jama'a. A kabarin Li'azaru kuma, yana sane sarai zai tashe shi nan da ɗan lokaci, amma sai da ya yi hawaye. Bai ce wa Maryamu, 'yar'uwar Li'azaru, ta share ido don akwai shiri a ɓoye ba.

A nan ne bangaskiyarmu take ajiye nauyinta. Da Allah ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, bai ba shi dalili ba ko ɗaya. Ya zaga da shi ne cikin halitta: jakin jeji, jimina mai barin ƙwanta a ƙasa, ruwan da ke sauka a hamadar da ba kowa. Kamar ana ce masa duniyar nan ta fi ƙarfin lissafinka, amma ga ni, na zo. Mu Kirista kuma muna cewa zuwan bai tsaya a guguwa ba, ya ɗauki jiki, ya ji ƙishi, an binne shi, ya tashi. Manzo Bulus a Romawa 8:22 ya ce dukan halitta tana nishi kamar mace mai naƙuda. Ina son wannan kwatancin don bai ce ciwon ƙarya ba ne, bai kuma ce haka za a dawwama ba. Ko ni ban ce wannan ya warware tambayarki ba. Shekara kusan talatin ke nan, ina nan da tawa, zan kai ta inda za a amsa.

Akwai wani ɓangare da dole in taɓa, amma ki riƙe shi a ranki, kada ki kai wa yayarki yanzu. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon a Fotugal da safe, ranar idin tsarkaka, majami'u cike da masu sujada. Teku ta biyo baya, wuta ta ƙarasa, dubun dubatar mutane suka mutu. Turai duka ta ɗauki irin tambayarki. Masu wa'azi suka ce hukunci ne, wasu suka ce to me ya sa ya fara da masu sujada? Sai wani marubuci, Ruso, ya ce ai ba halitta ce ta tara mutane a benaye masu hawa shida da bakwai ba. Maganar tana da ɗaci, amma akwai abin dubawa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta ci mutum sama da 40 a dare ɗaya. Kowace damina muna jin gidaje sun rushe a Katsina da Daura. Ruwa daga sama yake, amma lambatun da aka cike da leda, da kududdufin da aka cike aka yanka filaye, da mai gidan haya da ke karɓar kuɗi shekara da shekaru bai sake yaɓe ba, da talaucin da ke sa magidanci ya kwantar da 'ya'yansa a gindin bangon da ya san yana tsagewa, waɗannan ba daga sama suke ba. Ban ce mijin yayarki ya yi sakaci ba, wanda ba shi da kuɗin bulo ba a yi masa gorin siminti. Ina cewa ne wani kaso na abin da muke kai ƙara wurin Allah, a ofis da majalisa da taron unguwa ya kamata a kai shi. Sanƙarau ɗin da ya ɗauki ɗana ma, tun da aka fara sabuwar allurar rigakafi a Najeriya a 2011, nau'in da ya yi ɓarnar 1996 ya kusan ɓacewa. Da Agabus ya yi annabcin yunwa a Ayyukan Manzanni sura 11, ikilisiyar Antakiya ba ta zauna neman mai laifi ba, gudummawa ta tara ta aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Game da dattijon, kada ki tare shi a bainar jama'a. Ki sami fastonku ke da wata babba daga zumuntar mata, ki faɗa masa abin da aka faɗa da abin da ya jawo. Haƙƙinsa ne ya kira shi, haƙƙin dattijon ne ya taka har gida ya nemi gafara. In fasto ya yi nauyin baki, ki nuna masa wannan shafin, ki ce tsoho ne ya aiko.

Yayarki kuwa, ki ƙyale ta da amin ɗinta. Kada ki ja ta zuwa sujada, kada ki riƙa tura mata ayoyi a waya. Ki je ki yi mata wanke-wanke, ki tsefe mata kai. In ta ambaci yaran, ki kira sunayensu tare da ita, kada ki kauda zancen, don mutane za su fara yi kamar ba a taɓa haifarsu ba, wannan kuwa ya fi kome ciwo. In ta ce Allah ya zalunce ta, kada ki toshe mata baki. Addu'ar da ta gagare ta, ku yi a madadinta can inda ba ta ji.

Ba ki faɗa mini inda suke kwana yanzu ba. In har suna cikin gidan nan, marka ba ta wuce ba, bangon da ya sha ruwa ɗaya da wanda ya faɗi shi ma ya sha. Ki sa a kira magini ya duba gindin sauran ɗakunan tun kafin wani hadarin ya haɗu, in kuwa da hali su koma wurinki har kaka ta shigo. Matasan ikilisiya su zo da kwanon sarki da shebur ranar Asabar. Ki gaishe ta, ki gaida mijinta, shi ma kada a manta da shi don yana namiji.